Yadda ake mai da ƙaramar motar wasa ta zama motar sulke ta 1914

Tambayar da aka aiko: "Yaya, barka da aiki. Na tsinci ƙananan motocin wasa na ƙarfe guda huɗu a gwanjo, irin tsofaffin motocin Turawa masu siraran tayoyi, ina kuma da wata ta roba a kwali wadda ake harhaɗawa da gam. Sojojin da muke wasan yaƙi da su a kan tebur na milimita 28 ne. So nake in mai da motocin su zama motocin sulke na Yaƙin Duniya na Ɗaya. Na liƙa wa ɗaya kwali ta ko'ina, ta fito kamar akwati a kan taya. Ina na kuskure, kuma ta ina zan fara?"

Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Tun ban ga motar ba na san abin da ya faru: ka bar bodinta yana nan ka ɗinka masa riga. Bodin ƙarfe da kaurinsa, kwali da nasa kaurin, sai motar ta kumbura, tayoyin suka nutse a ƙarƙashinta, dogon hancinta ya ɓace. Waɗanda suka ƙera na gaskiyar tuɓe motar suka fara yi. Sun cire kujeru da rumfa da ƙofofi, suka bar cesis da inji da tayoyi da sitiyari, sannan suka gina sabon ɗaki na ƙarfe a kai, matsattse, daidai zaman mutum uku ko huɗu. In ka bi sawunsu a kan teburinka, kamannin zai zo da kansa. Shi ya sa zan fara maka da yadda abin ya faro.

An yi gwaje-gwaje tun kafin yaƙin. Frederick Simms ya nuna motarsa mai sulke a Landan a 1902, kamfanin Charron na Faransa ya nuna tasa a Faris a shekarar, Austro-Daimler ta fito da mai hasumiyar bindiga, wato ɗan ɗakin bindiga mai juyawa a saman mota, a 1905. Duk ɗaiɗaiku ne, manyan hafsoshi ba su ɗauke su a bakin komai ba. Watannin Agusta da Satumba na 1914 su suka haifi motocin sulke da gaske, lokacin da ba a riga an haƙa ramukan yaƙi ba, hanyoyin Beljiyam da arewacin Faransa a buɗe, mahayan Jamus suna sintiri ƙauye ƙauye. Wani hafsan Beljiyam, Laftana Charles Henkart, ya sa aka liƙa wa motocinsa farantan ƙarfe, ya ɗora bindiga, ya shiga farautar masu sintirin. Bai fita daga watan Satumban ba aka kashe shi, amma dabarar ta zauna, motocin kamfanin Minerva na Antwerp suka ci gaba da fitowa da sulke, samansu a buɗe, mashinga Hotchkiss ɗaya a bayan garkuwa. A Dunkirk kuma Kwamanda Charles Samson, na sashen jiragen sama na sojan ruwan Ingila, ya kai motocinsa wurin maƙeran jiragen ruwa suka liƙa musu ƙarfen da ake yin tukunyar jirgi da shi. Ga nauyi, ga shi ba ya tare harsashi daga kusa. Daga wannan faɗi-tashin ne Rolls-Royce mai sulke ta fito a watan Disamba na 1914, a kan cesis ɗin Silver Ghost, da mashinga Vickers a hasumiya mai juyawa. Guda 120 aka yi na wannan samfurin.

Ka lura da abin da larura ta tilasta musu, don shi za ka kwaikwaya. Ƙarfen sulke yana da wuyar lanƙwasawa, saboda haka kusan komai miƙaƙƙen faranti ne da kusurwa. Ba a yi musu walda ba, da ribit da noti aka haɗa faranti da faranti, shi ya sa jikinsu yake cike da kawunan ƙusa a jere. Nauyi kuma ya fi ƙarfin cesis ɗin da aka yi don ɗaukar attajiri da iyalinsa, sai aka tsuke ɗakin iya tsukewa, aka ƙara ƙarfin sifirin, aka ninka tayoyin baya suka zama bibbiyu. Dogon hanci, siririn jiki, dogayen siraran tayoyi a waje da jikin: wannan ne ke sa mai kallo daga ɗaya gefen tebur ya ce ta 1914 ce.

Kafin ka taɓa wuƙa, ɗauko rula da soja ɗaya. Sojan milimita 28 ana lissafa shi a kan kashi ɗaya cikin 56, wato mita ɗaya a zahiri kusan milimita 18 ne a tebur. Rolls-Royce mai sulke tsawonta ya kusa mita biyar, faɗinta ya ɗan gaza mita biyu, tsayinta mita biyu da rabi. In ka raba da 56 za ka sami kusan milimita 88 da 34 da 45. Ratar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya kusan mita 3.6 ce, wato milimita 65, tsayin taya kuma kusan santimita 90, wato milimita 16. Ford Model T ƙaramar mota ce: ratar tayoyinta inci 100, milimita 45 ke nan a tebur, tsayin tayarta inci 30, ya ɗan gaza milimita 14.

Waɗannan lambobi biyu, ratar tayoyi da tsayin taya, su nake fara aunawa a duk motar da ta shigo hannuna, kuma su ke gaya mini abin da za ta zama. Kada ka ƙudura cewa lallai sai Rolls-Royce sannan ka tilasta wa motar da ba ta kai ba. Juya motocinka ka karanta rubutun ƙasansu. In ka ga Matchbox Models of Yesteryear, waɗanda aka fara yi a 1956, ko Lledo Days Gone na daga 1983, to abin nema ya samu, sai dai ka sani ba a kan ma'auni ɗaya aka yi su ba, girman kwalin sayarwa aka bi. Ƙaramar mota an kumbura ta, babba an tsuke ta. Wannan ba aibi ba ne a wurinka. Model T da aka yi a kan ɗaya cikin 43 ratarta milimita 59 ce, tayarta kusan 18, kaɗan ya rage ta yi daidai da babbar mota irin Rolls-Royce ko Austin a wurin sojojinka. Matsalarta faɗi: tsakanin tayar hagu da ta dama zai kai milimita 33, kusan faɗin Rolls-Royce gaba ɗaya, sai ka rage tsawon sandar tayoyin kafin ka ninka na baya. Irin su Hot Wheels kuwa ka bar su, ƙanana ne, tayoyinsu gajeru masu kauri, ba abin da zai mai da su na wancan zamani.

Ta robar da ke kwali, duba lambar da ke jikin kwalin. In 1/72 ce, ta sojojin milimita 20 ce, ta yi maka ƙanƙanta. In 1/35 ce ta yi girma a matsayin ƙaramar mota, amma tana iya zama lori: Model T a wannan ma'auni ratarta milimita 73 ce, kusan mita huɗu ke nan a idon sojojinka, sai dai tayoyin sun ɗan yi tsawo, a rufe samansu da farantin sulke. In 1/48 ce ko 1/50, ka dace. Sojojin milimita 28 masu kaurin jiki ne da manyan kawuna, ga shi suna tsaye a kan gindi mai kaurin milimita biyu zuwa uku, don haka motar da ta ɗan fi lissafi girma ta fi dacewa da su a ido. Ni da kaina na fi son haka a kan 1/56 cif. In lissafi da ido suka saɓa, tsayar da sojan kusa da motar ka bi ido.

Tuɓe motar ƙarfe ba wuya. A ƙasanta akwai ribit ɗaya ko biyu da suka haɗa bodi da gindi. Sa bakin dirila na milimita uku ko huɗu ka cinye leɓen ribit ɗin kawai, bodin zai rabu. Tayoyi da sitiyari da fitilu da lagireto da kujeru, zuba su a gwangwani ka rufe, duk za su yi amfani. Murafan taya da matakin gefe yawanci a haɗe suke da gindin, kada ka yanke su, su ne rabin kyan motar. Ƙarfen waɗannan motoci haɗin tutiya ne da aka zuba a mazubi, ba ya lanƙwasuwa, karyewa yake yi, sai a bi shi da ƙaramin zarto da magagari. Ba lallai ka cire tsohon fenti duka ba, goge wuraren da gam zai kama da samfefa ya isa. In ratar tayoyi ta gaza da milimita biyar ko shida, yanke gindin a bayan murafan tayar gaba, ka ja shi baya, ka ɗaure da waya biyu masu kauri da faranti a ƙasa, da gam irin Araldite. Ɗora shi a kan gilashi ko tayil har ya bushe, tayoyi huɗu duk suna taɓa ƙasa. In ɗaya ta ɗaga tun a nan, duk abin da ka gina a kai a karkace zai tafi.

Sai farantan. Abin da aka fi amfani da shi shi ne fallen roba na polistirin, irin wanda kamfanin Evergreen ke sayarwa. In bai samu ba, juya kofin yogot ko farantin roba na biki ka duba alamar nan mai kusurwa uku: in ka ga lamba 6 ko PS, shi ne. Gam ɗin haɗa motocin roba, irin Tamiya Extra Thin, narkar da shi yake yi ya haɗe biyu su zama ɗaya, ba gam ɗin da ya kai wannan ƙarfi a kansa. Tsohon katin banki da katin da ake ɓalle layin waya daga jikinsa suna da kyau, miƙaƙƙu ne, kaurinsu ya kusa milimita 0.8, amma wata irin roba ce da wancan gam ɗin ba ya ci, sai sufa gulu, kuma sai ka goge sheƙinsu tukuna. Lamba 5 da lamba 2, irin murfin kwalbar ruwa da robar man shafawa, kada ka ɓata lokacinka, gam da fenti duk zamewa suke yi. Duk inda roba ta haɗu da ƙarfe, sufa gulu ne ko Araldite.

Sulken gaskiya bai wuce milimita huɗu zuwa goma sha biyu ba, wato a tebur bai kai rubu'in milimita ba. Ba wanda zai gina abin da hannu zai riƙa ɗauka da wannan sirantaka. Ga mota rufaffiya yi amfani da 0.75 ko milimita ɗaya, tunda ba a ganin bakin farantin. Ga mai buɗaɗɗen sama irin Minerva yi amfani da 0.5, ka kankare bakin daga ciki ya yi siriri, don a nan ne ido ke gane kauri.

Kwalin da ka yi amfani da shi yana da aikinsa, amma aikin tela ne: da shi ake fitar da yanka. Yanka kowane faranti a kwali tukuna, ka haɗa da tef a kan gindin motar, ka zaunar da soja a mazaunin direba, ka duba. Rufin ya tsaya kaɗan a saman kansa. Ɗakin ya tsaya tsakanin murafan taya, kada ya hau kansu. Ka gyara sau uku sau huɗu a kwali, ba ka yi asarar komai ba, sannan ka zana a kan roba. Roba ba a yanke ta har ƙasa: a ja reza ko wuƙa mai kaifi a jikin rular ƙarfe sau biyu ko uku, a lanƙwasa, ta ɓalle da kanta a miƙe. Gefen hagu da na dama ka manna su da juna ka goge bakinsu tare, don su fito iri ɗaya. Fara da daɓe, ka tsayar da bango biyu ko uku a ciki, ɗaya a bayan inji, ɗaya a bayan ɗaki, sannan ka jingina gefuna a kansu. Bangon cikin nan shi ke hana motar lotsawa ranar da wani ya damƙe ta da yatsu. Inda faranti biyu suka haɗu a karkace, goge bakin kowanne ya kwanta kafin gam. Ramin da ya rage a cike shi da foti irin Milliput, ko sufa gulu da aka barbaɗa wa sodar girki, a goge. Sai dai kada ka shafe kusurwar ta zama sumul. Ana son a ga inda faranti ya ƙare wani ya fara.

Hancin motar, in na asalin siriri ne, bar shi ka lulluɓe shi da falle mafi siranta da kake da shi. A gaban lagireto Rolls-Royce tana da ƙofofi biyu na ƙarfe da ake buɗewa don iska a rufe lokacin harbi. Ka bar su a ɗan buɗe a ga lagireton asali a ciki. Ƙaramin aiki ne, amma nan take motar ke yin rai.

Hasumiya ita ce inda mutane suka fi sarewa, alhali tana da sauƙi. Bututun roba da masu wayarin ɗin gida ke binnewa a bango yana zuwa da faɗin milimita 20 da 25, su ne daidai abin da kake nema: na 25 ga mota mai hasumiya ɗaya, na 20 ko abin da ya gaza shi ga mai biyu. Yanki zobe mai tsayin milimita goma zuwa sha biyu, ka rufe sama da ƙasa da faifan roba. Ta Rolls-Royce an zabge kafaɗunta hagu da dama, to ka goge zoben a karkace a kan samfefa da ka shimfiɗa a tebur, ka rufe wuraren da ƙananan farantai. Tun ran gini ran zane: kafin ka rufe rufin motar, liƙa ƙaramin maganaɗisu a ƙarƙashinsa, ɗan'uwansa a gindin hasumiyar, ka kuma gwada fuskokinsu suna jan juna kafin gam ya taɓa su. Da wannan hasumiyar za ta juya a wasa, ta cire a lokacin ajiya, kuma mota ɗaya za ta iya sauya bindiga. Mashinga Vickers da Maxim suna da tulun ruwa kewaye da bakinsu mai kaurin kusan santimita goma, wato milimita biyu a tebur. Yi shi da ƙusa ko sandar tagulla, ka huda hasumiyar ka cusa shi ciki sosai. Bakin bindigar roba da aka liƙa a fuska ba ya kai wasa uku.

Yanzu ribit, wanda shi ne gishirin aikin, shi ne kuma ke cin lokaci. Hanyoyi suna da yawa. Akwai masu yanka siririyar sandar roba ta rabin milimita ƙanana ƙanana, su ɗauki kowanne da tsinin wuƙa su ajiye a kan ɗigon gam. Ita ta fi kyau da ƙarko, ita ta fi cin rai. Akwai masu ɗiga farin gam na kafinta da tsinken sakace. Tana da sauri, amma ɗigon ba ya fitowa daidai da juna sai hannu ya saba, kuma yana iya ɓarewa in ba a yi masa fenti da wuri ba. Wadda na fi so ita ce tura su daga baya: sami falle siriri ƙwarai, ko jikin gwangwanin lemo da ka yanke ka miƙar, ka ɗora a kan kwali mai ɗan taushi, ka ja layi da fensir a bayansa, ka bi layin kana dannawa da allurar da ka dakushe bakinta. A ɗaya fuskar kawunan ƙusa za su fito reras. Sai ka liƙa fallen a kan farantin, ko ka yanka shi siraran ɗauri ka bi gefuna da su. Gwangwani yana yanka hannu, ka kula.

Ko wacce ka bi, ribit ba ado ba ne da ake barbaɗawa. Yana bin ƙarfen da ke riƙe da farantin daga ciki, saboda haka a gefuna yake, da kewayen ƙofa, da inda bango ya ratsa. Tsakiyar faranti a bar shi fili. Rata milimita biyu zuwa uku ta isa, kuma gara su yi ƙaranci su miƙe da su yi yawa su karkace. Yi layi ɗaya ka huta. Sannu ba ta hana zuwa.

Tayoyin baya a ninka su, da tayoyin wata mota da za ka sadaukar don wannan. Samfurin 1914 na Rolls-Royce tayoyinsa masu wayoyi ne kamar na keke, abin da ke da wuyar yi da hannu. Samfurin 1920 kuwa faifan ƙarfe ne rufaffe, saboda haka in tayoyinka ba su yi maka ba, rufe su da faifan roba ka ce ta 1920 ce, ba ka saɓa wa tarihi ba. Kuma ka kashe juyawar tayoyin da gam. Motar da ke gangarowa daga kan tudu a tsakiyar wasa rigima take jawowa a kan inda take tsaye.

Bayan Rolls-Royce buɗaɗɗen dandamali ne na katako da akwatunan kaya a gefe. Sandar askirim da aka tsaga ta ishe ka. Ƙara safaya a gefe, da dogayen alluna a kan mataki waɗanda ake shimfiɗawa in taya ta kafe, da galan na fetur da ruwa, da naɗaɗɗen tamfol na ƙyallen da ka jiƙa da farin gam. Motocin da suka yi aiki a hamada da kaya niƙi-niƙi suke tafiya. A watan Maris na 1916 motocin da Duke na Westminster ke jagoranta sun taso daga Sollum a iyakar Masar, suka keta sama da mil ɗari na hamada zuwa Bir Hakeim, suka ƙwato kimanin mutum 90 na jiragen ruwan Tara da Moorina da ke tsare a hannun mayaƙan Sanusiyya. Tafiya irin wannan ba a yin ta da mota tsirara.

Fenti kuwa a taƙaice. Wanke motar da sabulu, ta bushe, ka fesa mata fentin share fage siriri, don ƙarfe da roba da katako su zama fuska ɗaya. A nan ne duk wani rami zai bayyana, ka gyara. Toka-toka ga na sojan ruwan Ingila na farko, ruwan ƙasa ko launin yashi ga na hamada, kore mai duhu ga na Rasha. Tsarma ruwan ƙasa mai duhu ka bar shi ya kwanta kewaye da ribit, sannan ka shafi buroshin da ya kusa bushewa da launi mai haske ka share kawunansu. Ƙura a ƙasa da tayoyi, kaɗan a sama. Tsatsa kada ta yi yawa, masu motocin nan kullum cikin goge su suke. In lokacin hunturu kake aiki, kifa roba a kan motar tana bushewa, don ƙura ba ta jira. Kada kuma ka bar ta cikin mota a rana: na taɓa rasa aikin mako biyu haka, rufin ya lotsa, gefuna suka buɗe, ba ta gyaru ba.

Ga abin da motocinka za su iya zama in ni ne; huɗun ba za su ishi duka ba, sai ka zaɓa. Wadda ta fi sauran tsawon hanci ta zama Rolls-Royce, amma kada ka fara da ita. Fara da Minerva: akwati ne buɗaɗɗe, ba hasumiya, ba rufi, kujerun asali da sitiyari suna nan ana ganinsu, ka sa mata mutum uku. A kanta za ka koyi yanka da ribit. Mafi ƙanƙanta, in mai kama da Model T ce, ta zama Ford FT-B ta Folan, wadda injiniya Tadeusz Tański ya tsara a 1920, aka yi mata sulke da garkuwoyin ƙarfen da Jamusawa suka bari na ramukan yaƙi. Mutum biyu take ɗauka, ba su kai ashirin ba da aka ƙera, amma sun shiga farmakin garin Kowel, a yaƙin Folan da Rasha, a watan Satumba na shekarar. Ko kuwa ka bar ta ba sulke ko kaɗan, ka ɗora mata bindigar Lewis da kaya, kamar motocin sintirin da Ingilishi suka yi amfani da su a hamadar Masar; aikin yamma ɗaya ne. Mafi faɗi ta zama Austin mai hasumiya biyu, wadda Rasha ta fara sayen guda 48 a 1914. Na Ingila hasumiyoyinsu kafaɗa da kafaɗa suke, waɗanda aka yi wa tsarin masana'antar Putilov ta Rasha kuma a karkace, ɗaya gaba ɗaya baya. Su ne suka cika yaƙin basasar Rasha, suna sauya hannu daga wannan ɓangare zuwa wancan, don haka mota ɗaya za ta yi maka aiki a runduna biyu. In ta robar ta zama lori, akwai Garford-Putilov mai igwar milimita 76 a baya, amma ka ajiye ta sai hannunka ya faɗa.

Wani abu game da wasan kansa, tunda don shi kake ginin. Ramukan yaƙi suna kafuwa a yammacin Turai a ƙarshen 1914 aikin motocin nan ya ragu ƙwarai a can, aka tura su Masar da Falasɗinu da Iraƙi da Rasha da gabashi da kudu maso yammacin Afirka. Motar gida ce da aka ɗora wa nauyin da ya fi ƙarfinta, tayoyin baya kaɗai ke ja a yawancinsu, taɓo da yashi mai laushi da ɗan rami duk suna tsayar da ita. Ku yarda da abokan wasanka tun kafin a fara cewa a kan hanya tana gudu, in ta sauka sai an jefa ɗan lido a ga ko ta kafe, harsashin bindiga daga nesa ba ya huda ta, igwa ko wace iri ce tana gamawa da ita. In ba haka ba za ta zama tanka, wasan ya lalace. Ɗora kowacce a kan siririn gindi da ya ɗan fi ta faɗi, ya kare murafan taya, ya kuma ɗaga ta daidai da sojojin.

Ita kuwa wadda ka riga ka liƙa wa kwali, kada ka yar. Ɓare kwalin, ka cire bodin, ka kwantar da guntun bututun roba a bayan mazaunin direba. A watan Afrilu na 1916, lokacin boren Dublin a ƙasar Ayalan, sojojin Ingila sun karɓi lorin Daimler na kamfanin Guinness, aka kai su ma'aikatar jirgin ƙasa ta Inchicore, aka ɗora musu sassan gaban tukunyar jirgin ƙasa a jere suka zama dogon tulu da sojoji ke shiga ciki. An huda ramukan harbi a jiki, aka kuma zana wasu na ƙarya da fenti don a ruɗa masu harbi daga saman gini. Bututu ɗaya, zobban ribit uku ko huɗu, faifai mai ƙofa a baya, ramuka rabi na dirila rabi na baƙin fenti. In gindin ya gaza tsawo, ka ja shi kamar yadda na gaya maka. Auno mini ratar tayoyi da tsayin tayar kowacce daga cikin huɗun, da lambar da ke kan kwalin ta robar, in gaya maka wadda za a sadaukar don tayoyi.